Idan Ɗanki Ya Ce Fim Zai Yi: Darasi Daga Ɗan Galmi Da Ya Bi Muryar Zabiya

 

Akwai kalmar da in ta fito daga bakin ɗa ko 'ya, sai gaban uwa ya faɗi. Ki tambayi yaro abin da yake so ya zama, in ya ce likita ki yi murmushi, in ya ce injiniya ki ce Allah ya amsa. Amma ranar da ya ce, "Umma, ni fim zan riƙa yi," nan take za ki tuno rawa da waƙa, da surutun unguwa, da abin da dangin ubansa za su faɗa. Ba na ganin laifinki, kowace uwa tana kishin sunan gidanta. Sai dai fim suna ne da ya tara sana'o'i da yawa, kuma akwai guda da ba a cika maganarta a gidajenmu ba, ita ce fim ɗin gaskiya, wanda 'yan boko ke kira dokumentari. A cikinsa babu jarumi babu jaruma, babu labarin da aka ƙirƙira. Mutane ne na zahiri, a gonakinsu da tsakar gidajensu, suna yin abin da suka saba, wani kuma ya tsaya da kyamara yana adanawa.

Don kada in yi ta bayani a iska, zan ɗauko miki mutum guda mu bi sawunsa tun daga farko, ki ga yadda sana'ar take, abin da take ci da abin da take bayarwa. Sunansa Sani Elhadj Magori, mutumin Jamhuriyar Nijar.

Daga gonar albasa aka fara

An haifi Sani Magori a shekarar 1971 a Galmi, wani gari na jihar Tawa da ke kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. 'Yan uwanmu na Sakkwato da Illela sun san yankin, don iyaka ce kawai ta raba. Abin da aka fi sanin Galmi da shi albasa ce, ja mai ratsin shuɗi, wadda ta ɗauki sunan garin, ake lodinta a manyan motoci zuwa kasuwannin Abijan da Akara da Lome da Kwatano.

Yaron da ya tashi a irin wannan gari, ba abin mamaki ba ne in ya karanci aikin gona. Haka Sani ya yi, ya tafi Aljeriya ya samo digirinsa a fannin noma, ya dawo ya taɓa aikin jarida yana rubuta wa mujallu. Sai daga baya ya shiga horon da wani shiri mai suna Africadoc yake bai wa matasan Afirka masu sha'awar fim ɗin gaskiya, ya kuma tafi Jami'ar Gaston Berger da ke birnin Saint-Louis na ƙasar Senegal, inda ya yi digiri na biyu a kan wannan sana'a. Fim ɗinsa da ya fara fito da sunansa ya fito ne a 2008, lokacin yana da shekara 37. Ki riƙe wannan lissafin, don za mu dawo kansa.

Da ya tashi yin fim ɗin, bai nemi labari a Faransa ba, bai ma nema a Yamai ba. Gida ya koma. A Galmi akwai wani manomin albasa da 'yarsa ta shekara biyu tana jiran ranar aurenta. Dangin ango sun matsa, gari ya ɗauki tsegumi, shi kuwa uban ba shi da abin yin hidima sai albasar da ke gona. Sai ya yanke magana cewa in an cire albasa za a yi biki. To daga nan ne fim ɗin ya kama: ban ruwa, taki, ƙwari, bashi, da kuma babban tashin hankalin kowane manomin albasa, wato farashi. Duk wadda ta fito daga gidan manoma ta san zancen. Lokacin da kowa ya cire albasarsa kasuwa takan cika, farashi ya faɗi warwas. Mai hali ya zuba tasa a rudu ya jira watanni har ta yi tsada, wanda kuwa biki ko bashi ya matsa masa dole ya sayar a wulaƙance.

Sunan fim ɗin da Faransanci Pour le meilleur et pour l'oignon. Wasa ne da kalmomi. Turawa a wurin ɗaurin aurensu sukan yi alkawarin zama tare da daɗi ba daɗi, shi kuma sai ya cire "ba daɗi" ya sa "albasa" a gurbinta. Cikin minti 52 ya nuna wa duniya abin da ke da ni muka sani tun muna 'yan mata, cewa ranar auren 'yar talaka ba a kalanda take ba, tana bakin kasuwa. Fim ɗin ya zagaya bukukuwan fina-finai a ƙasashe da dama, mutanen da ba su taɓa jin sunan Galmi ba suka zauna suna fargabar ko za a yi bikin nan.

Ki lura da abu biyu. Na farko, karatun noman da ya yi bai tafi a banza ba, shi ya sa ya san inda zai tsaya da kyamara da kuma tambayar da zai yi wa manomi. Na biyu, da baƙo ne ya zo, da ba a bar shi ya ji maganar sadaki da bashi da gorin surukai ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Tsohuwar da muryarta ta kwashe samari

Fim ɗinsa na 2010 shi ne ya sa na zaɓo shi a yau, don a nan ne ya shiga fagen waƙa da al'ada gadan-gadan. Sunan fim ɗin Kukan Kurciya, ko da yake a takarda an rubuta shi da rubutun Faransanci, Koukan Kourcia. Kin san karin maganar: kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Kurciyar a nan wata zabiya ce ta yankinsu, wadda aka rubuta sunanta Hussey a fim ɗin. A zamanin ƙuruciyarta, wajen shekarun 1970, in ta buɗe baki a dandali samari ba sa iya zama. Waƙoƙinta suna kambama wanda ya tafi ci-rani ya dawo da abin hannu, suna kuma sa wanda ya zauna a gida ya ji kunyar kansa. Da yawa sun ɗaura ƙunshinsu sun nufi ƙasashen bakin teku saboda ita. Wasu sun dawo, wasu kuwa shiru, suka bar mata da 'ya'ya da tsofaffi suna duban hanya.

Cikin waɗanda suka tafi Abijan suka daɗe ba su dawo ba har da mahaifin Sani kansa. Sai ya yi tunanin da ban taɓa jin irinsa ba: tunda muryar nan ce ta tura su, me zai hana ita ɗin ta kira su? Ya je ya sami Zabiya, ta riga ta tsufa, ya roƙe ta ta yi sabuwar waƙa ta kiran 'yan ci-rani gida, ta kuma bi shi har ƙasar Kodebuwa ta rera musu ita baki da baki. Ta yarda. Fim ɗin doguwar tafiyar nan ce, daga Nijar zuwa Abijan, tsohuwa tana neman mazajen da ta raba da gida shekaru da dama da suka wuce.

'Yar uwa, ki tsaya ki auna abin da ya yi. Wani da za a ba shi aikin nuna zabiya, zaunar da ita zai yi a kan tabarma, ta rera waƙa biyar, ta faɗi inda aka haife ta, shi ke nan. Wannan ma adanawa ce, kuma tana da amfani. Amma Sani ya nuna waƙa tana aiki, tana shiga zuciyar namiji ta sauya masa hanya. Ya nuna cewa zabiya ba 'yar nishaɗin biki kawai ba ce, tana iya kwashe gari tana iya cika shi. Kuma ya yi hakan ne da ciwon da ke cikin gidansu, don ɗa ne yake neman ubansa.

Hanyar Abijan kuwa tsohuwar hanya ce a tarihin fim ɗin Nijar. Jean Rouch, Bafaranshen da ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniya ya rikiɗe ya zama mai ɗaukar fim, ya yi wani fim a 1958 a kan samarin Nijar da ke leburanci a unguwar Treichville ta Abijan. Ɗaya daga cikin samarin, Oumarou Ganda, shi ne ya dawo gida ya zama babban mai shirya fim, har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairun 2004. Bayan shekara 52 da wancan fim, ɗan ɗan ci-rani ne da kansa ya riƙe kyamarar, ya ba da labarin daga ɓangaren waɗanda aka bari a gida.

Abin da ya shafe mu a ciki

Kafin mu wuce, akwai maganar da fim ɗin nan ya ajiye a ƙofar ɗakinmu, mu iyaye mata. Mu ba zabiyoyi ba ne, amma kowace uwa tana da waƙar da take rerawa a kunnen ɗanta. "Dubi ɗan wance ya saya wa uwarsa fili." "Sa'anninka duk sun tafi, kai kana nan kana jiran tuwo." Muna faɗa ne don zaburarwa, amma yaro yana ji har cikin ƙashinsa. A da Abijan da Kumasi ake tafiya, yau ana bi ta Agadas a nufi Libiya da Aljeriya, kuma kin san ba kowa hamada take mayarwa ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma wani lokacin bakin gida ne yake korar mutum.

Wannan shi ne amfanin fim ɗin gaskiya in ya faɗa hannun wanda ya iya. Ba ya yi miki wa'azi, ba ya nuna ki da yatsa. Yakan ajiye miki rayuwar wasu ki kalla, sai ki ga taki a ciki.

Yadda sana'ar take a zahiri

To yanzu mu sauko kan tambayar da ke cin ranki: in yaro ya kama wannan hanya, me zai riƙa yi, kuma me zai ci?

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, mafi yawan aikin ba da kyamara ake yin sa ba. Ana farawa da zama da mutane, watanni wani lokacin shekaru, ana gaisawa, ana cin tuwo tare, har su saba da mutum su daina ganin sa baƙo. Sai rubutu: wane ne za a nuna, me ya sa shi, me ya haɗa mai fim da labarin, ina ake zaton labarin zai nufa. Wannan takarda ita ake kaiwa gaban masu ba da tallafi da gidajen talabijin. Mutum yakan tsaya gabansu ya kare aikinsa cikin 'yan mintoci, kuma sau da yawa a ce masa a'a, ya koma ya gyara ya sake dawowa. Yaron da ba ya son karatu da rubutu, ya ɗauka gudun biro zai yi ya fake a kyamara, zai sha mamaki.

In kuɗi sun samu sai ɗauka. Ayarin ba shi da yawa: mai ba da umarni, mai kyamara, mai ɗaukar sauti, wani lokacin da direba. Mai sautin nan kada ki raina shi, musamman a fim ɗin waƙa, don mai kallo yakan yafe hoto mai duhu amma ba ya jure muryar da ba ta fita. Sukan ɗauki awoyi masu ɗimbin yawa, don ba a ce wa mutane "ku maimaita", jira ake yi har abin ya faru da kansa. Daga nan sai ɗakin tacewa, inda za a shafe makonni ana zaɓe ana zubarwa har a fitar da awa guda. Sai fassara a rubuce a ƙasan hoto, don Bafaranshe da Bature su fahimci abin da Zabiya take faɗa da Hausa.

Maganar kuɗi kuwa ba zan ɓoye miki ba. Fim ɗin gaskiya ba ya sayuwa kamar fim ɗin soyayya. Kuɗin yin sa yakan fito ne daga asusun tallafi, da haɗin gwiwa da kamfanonin waje, da gidajen talabijin, kuma tsakanin fim da fim ana iya shekara biyu ko uku ko fiye. Shi ya sa yawancin masu wannan sana'a suke haɗawa da wani abin: koyarwa, aikin jarida, ɗaukar wa ƙungiyoyi da ma'aikatu ayyukansu, ko tace wa wasu fina-finansu. Wanda yake neman mota cikin shekara guda, ya nemi wata hanyar.

Amma in mutum ya daure, sana'ar tana da matakai. Sani Magori ya kafa kamfaninsa mai suna Maggia Images, ya koma yana ɗaukar nauyin fina-finan na bayansa, daga baya kuma aka ba shi shugabancin cibiyar kula da harkar fina-finai ta ƙasar Nijar. Ki tuna a shekara 37 ya fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙofar da sai mace take shiga

Na san wata za ta ce, "To ai shi namiji ne, ni 'yata ce take wannan magana." Ki matso kusa, don nan ne zancen ya fi daɗi.

Cikin fina-finan da Sani ya taimaka suka fito akwai na Aicha Macky, 'yar Damagaram, wadda ta karanci ilimin zamantakewa a jami'ar Yamai kafin ita ma ta bi hanyar Saint-Louis. Fim ɗinta na 2016, wanda ma'anar sunansa ita ce itacen da ba ya 'ya'ya, a kan matan da Allah bai ba haihuwa ba ne, ita kanta tana cikinsu. A ciki tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wurin haihuwa, tana kuma zama da mata suna faɗin gorin da suke sha daga miji da dangin miji. Fim ɗin ya ci kyautar fim ɗin gaskiya mafi kyau a gasar AMAA ta 2016. Ki gaya mini, wane namiji ne mata za su zauna su buɗe wa wannan ciki?

Kafin ita akwai Rahmatou Keïta, wadda ta karanci falsafa da ilimin harsuna a Faris ta kuma yi aikin talabijin a can. Ita ce ta je ta nemo Zalika Souley, ɗaya daga cikin matan farko da suka fito a fim a Nijar, wadda ta yi tashe a zamanin su Oumarou Ganda. Ta same ta a Yamai a gidan da babu ruwan famfo babu lantarki, duniya ta manta da ita. Fim ɗin da ta yi a kanta, Al'lèèssi, an nuna shi a babban bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 2005. Zalika ta rasu a 2021, amma muryarta da labarinta suna nan, daga bakinta ba daga bakin wani ba.

Yanzu ki dubi gidajenmu. A ƙofar zaure an rubuta "ba shiga", kuma daidai ne. To amma rabin al'adar Bahaushe a bayan wannan rubutun take: waƙar niƙa, waƙar daɓe, waƙar reno, kiɗan ƙwarya, gaɗa, tatsuniya, yadda ake kaɗi da mazari, yadda ake saƙar faifai, yadda ake haɗa daddawa tun daga kalwa, yadda ake jeren amarya kafin zuwan kabet. Namiji da kyamara ba zai taɓa kaiwa can ba. In 'ya'yanmu mata ba su ɗauka ba, babu mai ɗauka.

Kuma lokaci ba ya jira. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waɗannan ma sun yi sa'a, sun shahara, an naɗi muryoyinsu. Amma a kowane gari akwai tsohuwar da ta fi kowa iya waƙar daɓe, wadda ba ta taɓa shiga gidan rediyo ba. Ranar da aka kai ta makwancinta, an binne waƙoƙin tare da ita. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, to in babu mai ita fa?

Tambayoyin da za ki yi kafin ki ce e ko a'a

Ba ina cewa duk yaron da ya ambaci fim ki sa masa albarka ya kama hanya ba. Ki zaunar da shi, ko ita, ki yi tambaya irin ta uwa.

Ki fara da, "Labarin wa kake so ka bayar?" In ya ce yana so a san shi, ya tara mabiya a TikTok, to suna yake nema, wannan kuwa wata magana ce daban. In kuwa ya ce yana so ya nuna yadda marinan Ƙofar Mata suke haɗa baba, ko yadda kakarsa ta yi tafiyar Hajji a zamanin da, to akwai abin saurara.

Sai ki ce, "Me za ka karanta tare da shi?" Mutum ukun da na kawo miki, kowanne da ilimin da ya shigo da shi: Sani noma, Aicha zamantakewa, Rahmatou falsafa da harsuna. Kyamara ana koyonta cikin watanni, sanin abin da za a nuna shi ne mai ɗaukar shekaru. Wannan karatun kuma shi ne abin dogaro a shekarun da babu fim.

Ki kuma tambayi inda zai koya da hannun wanda zai koya. A Najeriya akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa a Jos, akwai kwalejin talabijin ta NTA ita ma a Jos, ga sassan koyon aikin jarida a jami'o'i irin su Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya. A Nijar akwai makarantar da a da ake kira IFTIC a Yamai. Makaranta mai suna da adireshi ta fi "wani oga ya ce zai koya mini". In 'ya mace ce, ki san su wa za ta fita aiki da su, ina za a kwana, wa ya san inda suke. Wannan haƙƙinki ne, kuma duk ayarin kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Ki sa mahaifinta a cikin maganar tun da wuri, kada ya ji a bakin 'yan waje.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta amana. Mai fim ɗin gaskiya mutane suna ba shi sirrinsu, hawayensu da talaucinsu. Ki tambayi ɗanki: in ka ɗauki abin da zai jawo maka yabo amma ya kunyata mai shi, za ka sa ko za ka cire? Amsar da ya ba ki za ta nuna miki ko ya dace da sana'ar. Wannan darasin kuma ba a jami'a ake fara koyonsa ba, a ɗakinki ne.

Ku gwada da wayar da ke hannunki

Hanya mafi sauƙi ta gane ko sha'awar yaro ta gaske ce, ki ba shi aiki a gida. Wayar da kike karanta wannan rubutu da ita ta isa. In Allah ya bar miki mahaifiya, ko uwar miji, ko wata gwaggo mai shekaru, ku je ku gaishe ta, ku nemi izininta. Ku zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, a kashe fanka da janareta. Ta zauna inda hasken ƙofa yake dukan fuskarta, kada hasken ya kasance a bayanta. A kwantar da wayar a gicciye, a jingine ta da wani abu don kada ta yi rawa, a kuma matso kusa don murya ta fita. Da farko yaro ya faɗi sunanta da garin da ranar da aka yi ɗaukar.

Sannan ya yi tambaya guda ya yi shiru. Wace waƙa kuke yi in kuna niƙa? Yaya aka kai ki ɗakin miji? Me kuka ci a shekarar yunwa? Tsofaffi sukan yi jim kafin su ba da amsa, kuma abin da ke zuwa bayan shirun nan shi ne mai tsada, don haka kada ya katse ta. In an gama a adana a wuri biyu, a tura wa wani ɗan uwa amintacce, kuma kada a sa a Facebook ko a watsa a WhatsApp sai da yardarta.

Ki zuba ido ki gani. Yaron da ya gaji bayan minti goma, ya huta ke ma kin huta. Wanda kuwa ya dawo yana cewa, "Umma, ashe Hajiya ta san kaza? Gobe zan koma," to ki san akwai abin da Allah ya ajiye a wurin, sai ki taya shi da addu'a da shawara. Ko ma bai zama mai fim ba, kun samu abin da kuɗi ba sa saye, don wata rana jikokinki za su ji muryar kakar iyayensu.

Yanzu saura naku, iyaye mata. Ku faɗa mana a wurin sharhi da ke ƙasa: wace tsohuwa ce a danginku ko unguwarku kuke ganin ya kamata a naɗi muryarta tun tana raye, kuma me ta iya? Ba sai kun ambaci sunanta ba, garin da abin da ta iya sun wadatar. Waɗanda kuma 'ya'yansu suka taɓa zuwa musu da maganar fim, ku ba mu labarin yadda kuka yi, wata za ta ƙaru.

Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya mana su, ya dawo mana da na nesa lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.